Tambayi Likitan Haƙori: “Na kai bakin ƙofa sau biyu na juyo”

Saƙonnin da suka iso filin nan a wannan karo, in aka ɗebe biyu masu tambaya kan man goge baki, duk bakinsu ɗaya: tsoro. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kabu-kabu ne a Garin Malam, shekarata 34. Turmin haƙorina na ƙasa ya yi kogo, yau wata biyar ke nan yana hana ni barci. Kanumfari nake cusawa, in abin ya ƙi in sayi ƙwaya wurin masu talla. Na kai bakin ƙofar ɗakin haƙori sau biyu, sai ƙafata ta yi sanyi in hau babur in tafi. Ina yaro wani wanzami ya taɓa cire mini haƙori a kasuwar ƙauyenmu, mutum uku suka danne ni. Ko abokaina kunyar faɗa musu nake. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, sannu da jiki. A duk saƙonka inda idona ya tsaya shi ne “mutum uku suka danne ni”. Zafin ranar nan ya daɗe da barin bakinka, amma dannewar tana nan. Ga shi kuma kujerarmu tana tuna maka da ita: a kwantar da kai rigingine, a haska maka fitila a fuska, ka buɗe baki ba damar magana, wani na aiki a wurin da ba ka gani. Ko wanda ba a taɓa dannewa ba sai gabansa ya faɗi. Na ga sojoji, na ga mahauta masu kayar da bijimi, suna riƙe hannun kujerar nan har jijiyoyinsu su tashi. Saboda haka batun kunya ka ajiye shi gefe.

Abu na farko, kafin ka zauna, ka buɗe baki ka ce, “Likita, tsoro nake ji, ga abin da aka taɓa yi mini.” Wannan magana tana canza yadda za a tafiyar da aikin gaba ɗaya. Mu likitoci layi na jiranmu a waje, kuma in mutum ya shigo ya yi shiru ya ɗaure fuska, ɗauka muke yi sauri yake so. Shirun mai tsoro da shirun mai ƙarfin hali kamanninsu ɗaya in ba a faɗa ba.

Sannan ku yi yarjejeniya: in ka ɗaga hannun hagu, a tsaya. Hagu na ce, don yawanci likita yana zaune ne ta damarka, kada ka buge masa hannu yana riƙe da allura. Ni a ɗakina, mai tsoro irinka nakan sa shi ya gwada tun ban taɓa komai ba. In sa madubin nan ƙarami a bakinsa, in ce ɗaga, ya ɗaga, in janye hannuna gaba ɗaya in ja kujerata baya. Sai ka ga kafaɗunsa sun sauka. Da yawansu har a gama aikin ba su sake ɗagawa ba. Sanin cewa za a tsaya ɗin ya ishe su. Kana kuma da damar ka ce zuwan farko dubawa kawai za a yi, a yi maka bayani, ka dawo wata rana. In babu kumburi ko zazzaɓi, kwana biyu ko uku ba za su ɓata komai ba a kan wata biyar.

Yanzu allura. Abin da bai kamata a manta ba shi ne likitocin haƙori suna cikin waɗanda suka fara kawo wa duniya tiyata ba tare da zafi ba. Horace Wells a Amurka, a 1844, ya shaƙi wani iskan gas ya sa aka cire masa nasa haƙorin don ya gwada, sannan William Morton ya nuna aikin wani maganin sa barci da ake shaƙa, mai suna “ether”, a Boston a 1846. Dukansu masu aikin haƙori ne. Ruwan da muke amfani da shi yau, lidokayin, a Suwidin aka haɗa shi a 1943. Wanzamin ƙauyenku awartaki kaɗai gare shi da ƙarfin damtse, abin da ya bambanta mu ke nan.

Ga yadda za ta kasance. Allurar siririya ce ƙwarai, ta fi wadda ake yi a ɗuwawu siranta nesa ba kusa ba. Sukar kanta ɗan tsinkau ne. Abin da ke yin raɗaɗi shi ne tura ruwan da sauri cikin nama, don haka ka roƙi a tura a hankali, ya ɗauki kamar minti guda. Tunda naka turmin ƙasa ne, can ƙuryar muƙamuƙi za a yi ta, kusa da babbar jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin. Bayan ƴan mintoci za ka ji rabin leɓenka na ƙasa da gefen harshe sun yi nauyi, kamar sun kumbura alhali ba su kumbura ba. Alamar ta kama ke nan. Likita zai taɓa dasashin ya tambaye ka. In kana jin suka, ka faɗa, kada ka daure don nuna mazantaka, a ƙara maka.

Akwai abubuwa biyu da allura ba ta kashewa, gara ka san su tun yanzu don kada su razana ka. Ɗaya shi ne dannawa. Za ka ji ana tura haƙorin da ƙarfi, ana kai shi gefe da gefe, domin ba fizge shi ake yi ba, girgiza shi ake kamar yadda ake wa turke kafin a tuge shi daga ƙasa. Na biyu ƙara. Ƙashin muƙamuƙi yana kai sauti kai tsaye cikin kunne, sai ɗan ƙaras ɗin da wanda ke tsaye kusa da kai da ƙyar zai ji, kai ka ji shi kamar kanka ne ya tsage. Mutane da yawa a nan suke zabura su ce sun ji zafi, in na tambaye su a natse sai su ce a'a, ƙarar ce. In kana da abin sa wa kunne, ka zo da shi ka kunna karatu ko duk abin da kake so a wayarka.

Ranar zuwa ka karya kumallo sosai. Suman da muke gani a kujera, galibi samari majiya ƙarfi ne da suka zo da yunwa da fargaba: gumi ya karyo, ido ya yi duhu, sai mutum ya sulale. Ba allurar ce ta kayar da shi ba, kuma da an kwantar da shi an ɗaga ƙafafunsa yake farfaɗowa. Ka nemi layin safe, don zaman jira har azahar kana jin ƙarar inji daga ciki yana ƙara hura tsoro. Kana kan kujera ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida. Kuma ka gaya wa likita ainihin ƙwayar da kake sha. In tramol ce ka ce tramol ce, ba ɗan sanda za mu kira ba.

Kanumfari kuwa ba ƙarya ba ne, man da ke cikinsa yana ɗan kashe zafi, har a cikin wani cikon wucin gadi da muke yi akwai shi. Sai dai ruɓar tana ci gaba a ƙarƙashinsa. Ciwon da ke hana barci tsawon watanni yawanci ya kai jijiyar haƙorin, kuma abu biyu ne ya rage: a cire jijiyar a cike haƙorin in bangonsa na da sauran ƙarfi, ko a cire shi. In wata rana ka tashi ka ji ciwon ya ɗauke ɗif da kansa, kada ka yi murna, jijiyar ce ta mutu, mugunya na iya biyo baya. Ranar da ka ga ƙarƙashin haɓarka ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar miyau ta gagara, ko zazzaɓi ya rufe ka, to babu sauran lallashin kai. Babban asibiti za ka nufa a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne, don irin wannan kumburi yana toshe hanyar numfashi.

TAMBAYA: Likita ina da ciki wata biyar, ina zaune a Birni. Haƙorina na ciwo har kunne. Uwar mijina ta ce mai ciki ba ta zuwa wurin likitan haƙori, allurar na zubar da ciki, in haƙura sai na yi arba'in. Ni ma tsoron ya kama ni.

AMSA: Allah ya raba lafiya, Malama. Inna ƙaunar jikanta ce ta sa ta faɗi haka, amma maganar ba haka take ba. Allurar kashe zafin haƙori ana yi wa masu ciki a ko'ina a duniya, ɗan ruwa ne kaɗan da ke aiki a wurin da aka sa shi. Kin ma zo a lokacin da muka fi so, wato tsakanin wata na huɗu da na shida: laulayi ya wuce, ciki bai yi nauyin da zai hana ki kwanciya ba. In aikin ya kai watannin ƙarshe, akan ɗan karkatar da mace ta gefen hagu a sa mata matashi, don kada nauyin cikin ya danne babbar jijiyar jini ta ji jiri.

Ki lissafa da kanki: wata huɗu kafin haihuwa, ga kwana arba'in a kai. Fiye da wata biyar ke nan kina fama da haƙorin da ba ya barin ki ci, ba ya barin ki barci, yana kuma iya tara mugunya. A nan haɗarin yake. Kuma macen da aka hana zuwa asibiti ba zama take yi haka kawai ba, ƙwaya take sha a ɓoye. Ibuprofen da diklofenak ba na mai ciki ba ne, musamman a watannin ƙarshe. Tetirasikilin kuwa yana ɓata launin haƙoran jaririn tun yana ciki. In ciwo ya matsa miki kafin ki samu zuwa, parasetamol za ki sha bisa ƙa'ida.

Shawarata, kada ki ja da Inna. Ranar awo ki nemi ta raka ki, ki sa ungozoma ta yi maganar a gabanta. Abin da ba za ta karɓa daga bakin matar ɗanta ba, za ta karɓa daga bakin mai farar riga. Ki zo mana da katin awonki.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 7 ne. Mun taso tun daga Mirya, amma da ya ga likita sai ya fasa ihu ya shige ƙarƙashin benci. Muka koma ba a yi komai ba, ga kuɗin mota. Mahaifinsa ya ce wani zuwan a danne shi kawai a gama, ai haƙorin yara ne zai faɗi.

AMSA: Hajiya, ki ba maigida amsar da na ba ɗan kabu-kabun can na sama ya karanta. Mutum ne mai shekara 34, har yau yana biyan bashin dannewar rana ɗaya.

Zan kuma yi tambayar da ba kowa ke so ba: a gida, in yaron ya yi ƙiriniya, me ake ce masa? A gidaje da yawa na garin nan abin da ake cewa shi ne, “Bari in kira likita ya yi maka allura.” Shekara da shekaru ana razana yaro da mu, ran da aka kawo shi kuma a yi mamakin ya shige ƙarƙashin benci. Wani abin da ke ɓata mana aiki shi ne alkawarin ƙarya. Uwa ta ce “ba abin da za a yi maka, kallo kawai za a yi”, sai ga allura. Daga ranar ya daina yarda da ita, ya daina yarda da mu. Ko cewa “kada ka ji tsoro, ba zafi” ma sanar da shi ne cewa akwai abin tsoro. Ki ce masa kawai za a je a ƙirga haƙoransa a ga wanda ke damunsa.

Yadda muke bi da yara mataki uku ne: a faɗa, a nuna, sannan a yi. In ba shi madubin ya riƙe, ya leƙa bakinki da shi. In hura masa iskar bututun nan a bayan hannu ya ji sanyinta kafin ta shiga bakinsa. In kunna injin ya ji ƙararsa, in ɗora masa shi a farce ba tare da tsinin ba ya ji girgizar. Wani yaron minti goma ya ishe shi, wani sai zuwa na biyu. Na san kuɗin mota daga Mirya ba wasa ba ne, to ki haɗa da ranar da dama kina da wata hidima a gari, ki zo da shi da safe, ya ƙoshi, ya yi barci isasshe. Kuma wanda ya fi natsuwa a cikinku shi ya shigo da shi. Yaro fuskar uwarsa yake kallo, in ya ga ta runtse ido tana salati da ƙarfi, shi ke nan an gama.

Batun “zai faɗi” kuma a yi hattara. Wajen shekara 6 akwai turmi na dindindin da ke fitowa can bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Iyaye kan ɗauka shi ma na famfara ne, su bar shi ya ruɓe, alhali ba shi da magaji. A shekarun ɗanki, sai an duba kafin a san wanne ne ke ciwon.

Wuri ɗaya ne ban yarda a tsaya lallashi ba. Ƙaramin yaro, yawanci ɗan shekara 2 zuwa 6, wanda tamowa ta kama ko ya tashi daga ƙyanda, sai dasashinsa ya fara jini da gyambo, baki ya yi mugun wari, kumatu ya kumbura. Wannan na iya zama noma, ciwon zaizayar baki, wanda ke cinye fuska cikin kwanaki kaɗan, alhali in an zo da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma a nan Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana da cibiyar kula da yaran da ya kama. Mai irin wannan alama, ko yana ihu ko ba ya yi, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a Zango. Bara an yi mini allura har sau biyu ba ta kama ba, zuciyata ta dinga bugawa, hannuna na rawa. Tun daga nan na ce jikina ba ya karɓar allurar haƙori. Haka ne?

AMSA: Da wuya, Malama. Abu biyu ne suka haɗu miki a rana ɗaya. A cikin ruwan allurar akan sa ɗan adirenalin, don ya tsuke jijiyoyin jini maganin ya daɗe a wurin kuma jini ya ragu. In kaɗan daga ciki ya shiga jini, zuciya takan buga da sauri, hannu ya yi rawa na ƴan mintoci, ya wuce. Tsoro ma kansa adirenalin yake saki a jiki, sai su taru. Wanda jikinsa ke ƙin maganin da gaske, kuma irinsu ƙalilan ne ƙwarai, alamarsa daban: borin jini, ƙaiƙayi, kumburin fuska, sarƙewar numfashi. In ba ki ga ko ɗaya cikin waɗannan ba, ki kwantar da hankalinki, amma ki ba likita labarin tun farko. Akwai irin allurar da babu adirenalin a ciki.

Rashin kamawar kuwa, haƙorin da ke tsakiyar azabar ciwo, musamman turmin ƙasa, ya fi kowanne wuyar kashewa, domin nama mai kumburi yana rage ƙarfin maganin kuma jijiyar ta riga ta harzuƙa. Akan ƙara wata allurar a gefen haƙorin kansa, ko a sa magani a cikin kogon a bar shi ya huce a dawo. Abin da ba daidai ba ne shi ne a ci gaba da aiki kina cewa kina jin zafi. Duk likitan da ya ce miki “ai tsoro ne kawai” ya ci gaba, kina da haƙƙin ki ce a tsaya.

TAMBAYA: Mahaifinmu ya haura 60, yana da hawan jini da ciwon suga. Fiƙarsa ta sama ta ruɓe tana fitar da ruwa, amma ya rantse ba za a cire ba, wai cire haƙorin sama na makantar da mutum, kuma ba ya son a sa masa ƙarfen da aka sa a bakin wani.

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya. Jijiyar gani daban take da jijiyar haƙoran sama, kowacce da hanyarta, cire haƙori ba ya taɓa ta. A ganina abin da ya raya wannan magana shi ne shekarun da haƙora ke zubewa su ne shekarun da yanar ido ke zuwa, sai a ɗora wa wannan laifin wancan. Abin da ya fi kusa da ido shi ne abin da Baba yake riƙe da shi yanzu. Saiwar fiƙa doguwa ce, tana kaiwa kusa da gefen hanci, kuma mugunyarta kan hau ta kumbura ƙasan ido. Ga mai suga, ciwo irin wannan ya fi saurin yaɗuwa, yana kuma hana sugan sauka.

Batun ƙarfe kuwa Baba ya yi gaskiya, ciwon hanta da ƙanjamau suna bin kayan da ba a tsabtace ba. Allura da safar hannu sabbi ake buɗewa ga kowane mutum. Sauran ƙarafan, bayan an wanke su, akan sa su a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 ko 134. Ya tambaya, ya ce a buɗe allurar a gabansa, ba rashin kunya ba ne.

Kada ku taru a kansa kuna gardama, dattijo ba ya son ƴaƴansa su ga tsoronsa. Mutum ɗaya da yake jin maganarsa ya raka shi, a ce masa dubawa za a yi da awon jini, hukunci kuma nasa ne. Ku zo da safe, ya karya, ya sha magungunansa kamar kullum, ku zubo kwalayensu duka a leda mu gani. In yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini ku faɗa tun a bakin ƙofa, amma kada ku dakatar masa da shi da kanku sai likita ya ce.